Babi na Shida: Faifai Ɗaya, Adireshi Uku

Faifan ajiya bai cika mutuwa farat ɗaya ba. Kafin ranar da zai ƙi karantuwa ƙememe, yakan shafe makonni yana ƙananan kurakurai da babu wanda ya lura da su. Kwamfuta ta nemi wani bayani, kan karatu ya ɗauko shi a gurɓace, na'urar ta gyara da kanta ko ta sake karantawa, aiki ya wuce. Ma'aikacin bankin da ke jiran lissafin wani asusu ya fito a allonsa bai ma san an yi tuntuɓe ba. Irin wannan shi injiniyoyin IBM suke kira kuskuren wucin gadi, suna bambanta shi da kuskuren dindindin, wanda ake ta maimaita ƙoƙari a kansa har a haƙura, aikin ya faɗi, wani lokaci bayanin ma ya salwanta. Idan ana ƙirga na wucin gadi yadda ya kamata, ana iya tare na dindindin tun bai iso ba. Sai dai ba a ƙirga sai an san abin da ake ƙirgawa, kuma a ɗakin babbar kwamfuta, tabbatar da cewa wannan faifan shi ne dai wancan faifan aiki ne da ya ci mutane da yawa.

A 1956 IBM ya fito da faifan ajiya na farko da aka kai kasuwa, samfurin 350 na cikin na'urar RAMAC, daga ɗakin bincikensa na San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Reynold Johnson. Faranti 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duka-duka haruffa miliyan 5 suke ɗauka. A lokacin babu wata wahalar gane mai laifi, tun da ga kwamfutar ga faifanta a gefe. Wahalar ta kunno kai bayan 7 ga Afrilun 1964, ranar da aka sanar da System/360. Wannan tsari ya raba shige da ficen bayanai hawa-hawa. Uwar kwamfuta ba ta magana da faifai kai tsaye. Tana miƙa umarni ga wani layi na musamman, layin ya miƙa wa na'urar sarrafawa, ita kuma ta isar ga faifan da ake so a cikin jerin faifan da ke ƙarƙashinta. Aka ba kowace na'ura adireshi mai gurbi uku, a lissafin da ke amfani da 0 zuwa 9 da kuma A zuwa F. Gurbin farko na layi ne, sauran biyun na na'urar sarrafawa da faifan kansa.

A nan tushen matsalar yake. Adireshin yana faɗin hanyar da aka bi aka isa ga faifan ne, ba sunan faifan ba. Muddin hanyar guda ce, babu bambanci. Amma ba a daɗe ba manyan ma'aikatu suka fara haɗa na'urar sarrafawa ɗaya da layuka biyu, don idan ɗaya ya tsinke a bi ta ɗayan. Daga nan suka fara haɗa kwamfutoci biyu ko uku da faifai iri ɗaya, domin duka su yi aiki a kan bayanan abokan ciniki guda. Faifan da kwamfutar farko take kira 250, ta biyu na iya kiransa 450, ta uku kuma 1A0. Ƙarfe ɗaya ne yake juyawa a wuri ɗaya.

Kowace kwamfuta kuma tana da littafin ƙorafinta. A manhajar gudanarwa ta OS/360, da magadanta MVS da OS/390 har zuwa z/OS na yau, sunan wannan ma'ajiya SYS1.LOGREC. Duk lokacin da wata na'ura ta gaza, manhajar takan tambaye ta abin da ya faru, na'urar ta amsa da wasu 'yan lambobi masu bayyana halin da take ciki. A faifan 3330, wanda aka sanar a 1970, mai ɗaukar megabayit 100 a kowane ƙunshin faranti yana juyi 3,600 a minti, amsar bayit 24 ce. A cikinsu akwai ko bayanin ne ya gurɓata, ko kan karatu ne ya sauka a zoben bayanai na kan faranti da ba shi aka nufa ba, ko wani sashen lantarki ne ya cije. Manhajar takan rubuta amsar a LOGREC tare da lokaci, da lambar siriyal ta kwamfutar, da adireshin da aka bi, da sunan ƙunshin faifan mai haruffa shida. Ban da wannan, na'urar sarrafawa tana tara lissafin yawan bayanan da aka karanta da yawan zirga-zirgar kan karatu, tana sauke shi lokaci-lokaci a ma'ajiyar. Wannan lissafi na biyu yana da muhimmanci ƙwarai, domin kuskure biyar a faifan da ke aiki dare da rana ba ɗaya ba ne da kuskure biyar a faifan da sai jefi-jefi ake taɓa shi.

Ɗan Adam ba ya iya karanta LOGREC da ido. Manhajar da ke fassara shi ita ce EREP, wadda a z/OS ake kira da sunan IFCEREP1, kuma ita ce dai take hidima a VM da VSE, ko da yake can wurin ajiyar ƙorafin yana da wani suna daban. A al'adar ɗakunan kwamfuta na wancan zamani, kowane dare akan kwashe abin da ke LOGREC a zuba a kaset ɗin tarihi, a share ma'ajiyar don kada ta cika. Idan aka yi sakaci ta kusa cika, saƙon gargaɗi yakan fito a allon ofareta, idan kuma ta cika, sabbin kurakurai sai su riƙa wucewa babu mai rubuta su. Da safe injiniyan gyara, wanda a manyan wurare yake da ɗan ofishinsa a cikin ginin abokin ciniki, yakan fara da takardun da EREP ta buga.

To ga EREP da kaset uku daga kwamfutoci uku, ga kuma faifan nan mai adireshi uku. Lamarin ya yi kama da majiyyacin da ya yanki kati a asibitoci uku, kowane kati da lambarsa. Ya je nan da zazzaɓi aka ba shi magani ya tafi, bayan kwana huɗu ya je can da zazzaɓi, mako na gaba ya je na ukun. Kowane likita abin da ya gani a katinsa shi ne zazzaɓi sau ɗaya, abin da ba ya tayar da hankali. Da katunan uku za su haɗu a hannu ɗaya, da an tura shi gwajin jini tun tuni. EREP ba ta da yadda za ta san katunan na mutum ɗaya ne sai an gaya mata.

Gaya matan shi ne aikin da ake yi da wasu 'yan layukan umarni, waɗanda har yau tsofaffin ma'aikata suke kira katuna, tun daga zamanin da ake huda su a kati mai gurbi 80. Mafi sauƙin fahimta shi ne SHARE. A cikinsa ana jera lambar siriyal ta kowace kwamfuta tare da adireshin da take kiran faifan da shi, ana cewa duk waɗannan abu ɗaya ne, a tara lissafinsu wuri guda. Akwai ɗan'uwansa CONTROLLER, mai yin haka a matakin na'urar sarrafawa. Akwai kuma LIMIT, inda ake yanka haddi: kurakuran wucin gadi nawa za a yi haƙuri da su kafin a saka na'ura a rahoton waɗanda suka wuce gona da iri. Waɗannan katuna a ɗaure suke da juna. A ce an yanka haddi a kuskure 10, faifan kuma ya yi 12, amma kowace kwamfuta 4 ta gani. Idan babu katin da ya haɗa su, layuka uku ne za su kasance, kowanne ƙasa da haddi, kuma rahoton safe zai fito ba tare da sunan faifan ba.

Katin da ya fi ban sha'awa a wurina shi ne DASDID, saboda shi ne yake ba EREP damar yin irin tunanin da gogaggen injiniya yake yi. Tunanin kuwa ga yadda yake. Tsakanin uwar kwamfuta da bayanin da ke kan faranti akwai layi, akwai na'urar sarrafawa, akwai sashen lantarkin da ke kan gaban jerin faifai yana kula da jerin duka, akwai injin da ke juya faifan, sannan akwai fuskar farantin kanta. Kowannensu na iya zama sanadin kuskure, kuma alamar da ke fitowa takan yi kama da juna. Abin da ke rarrabe su shi ne yadda kurakuran suka bazu. Idan faifai da yawa a jeri daban-daban suna kuskure, amma sai in an bi ta layi ɗaya, to layin ne ko wayarsa. Idan duk faifan jeri ɗaya ne suke ƙorafi ko ta ina aka zo musu, sai a duba sashen da ke kan gaban jerin. Idan faifai ɗaya ne tak, ta kowace hanya, to injinsa ne ko farantinsa. A zamanin 3330, da ake ɗaga ƙunshin faifai daga wannan inji a saka a wancan, akwai ƙarin gwaji mai kyau: in kuskuren ya bi ƙunshin zuwa sabon inji, laifin faranti ne, in ya tsaya a tsohon wuri yana damun kowane ƙunshi da aka saka, laifin inji ne.

Rahotannin EREP da ake samu da umarnin SYSEXN suna yin wannan tankaɗe da rairaya da kansu, su fitar da sashen da ya fi yiwuwa shi ne mai laifi: layi, ko na'urar sarrafawa, ko mai kula da jeri, ko inji, ko faranti. Bambancin ba na ilimi kawai ba ne, har da na wanda zai ɗauki nauyin gyara. Matsalar inji ta injiniyan kamfani ce. Matsalar fuskar faranti kuwa ta mai kwamfutar ce, shi zai kwashe bayanan, ya yi amfani da manhajar ICKDSF ya bincika zoben da ya lalace, ya maye gurbinsa da ɗaya daga cikin zobban da aka keɓe don irin wannan rana. Amma duk wannan hukunci ba ya yiwuwa sai EREP ta san wane jeri ne yake ƙarƙashin wace na'urar sarrafawa, kuma ta wane layi kowace kwamfuta take isa gare shi. Tsofaffin samfura irin su 3330 da 3350 ba sa faɗin ko su wane ne a cikin amsarsu. Saboda haka dole mutum ya zauna da zanen wayoyin ɗakin, ya raɗa wa kowace na'urar sarrafawa da kowane jeri lamba, ya rubuta katin DASDID ga kowace hanya daga kowace kwamfuta. Inda katin ya ɓace, rahoton yakan ware waɗannan kurakurai gefe, a matsayin waɗanda ba a san inda za a jingina su ba.

Wannan warewa gefe ma rahama ce, domin aƙalla tana nuna akwai giɓi. Abin tsoro shi ne katin da yake daidai bara amma bana ya tsufa. Ɗakin kwamfuta ba ya zama yadda yake. Ana kawo sabon jeri, ana mayar da wani zuwa wani layi, ana sauya uwar kwamfuta da wadda ta fi ta, lambar siriyal ta canza. Idan wanda ya yi canjin ya kuskure a bayanin da manhajar gudanarwa take amfani da shi, take yanke zai gani: faifan ba zai tashi ba, waya za ta yi ta ƙara. Idan kuwa katunan EREP ya manta, babu abin da zai tsaya. Rahoton zai ci gaba da fitowa kowace safiya, a tsare, da kanun da aka saba gani. Mafi muni shi ne idan an sake ba wani faifai daban tsohon adireshi: tsohon katin SHARE zai tara kurakuran faifai biyu da ba su haɗa komai ba, ya ɗora wa ɗaya, injiniya ya zo tsakar dare ya sauya sashen da lafiyarsa ƙalau, mai ciwon kuma yana nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina ganin wannan ne ya sa aikin ya cancanci mutum mai natsuwa, ba wanda aka ga ba shi da abin yi ba.

Lambar siriyal ma ta zo da nata rikicin. Da aka fara ƙera kwamfuta mai ƙwaƙwalwar sarrafawa biyu ko huɗu a akwati ɗaya, kowace ƙwaƙwalwa tana sa hannu a LOGREC da lambar da gurbinta na farko ya bambanta da na 'yar'uwarta. Da PR/SM ya zo a 1988 a kan samfurin 3090, ya ba da damar yanka kwamfuta ɗaya zuwa ɓangarori masu cin gashin kansu, sai lambar ɓangare ita ma ta shiga cikin sa hannun. Katin SYSIMG shi ne yake gaya wa EREP waɗanne lambobi ne na tsari ɗaya.

IBM ya gane cewa dogaro da hannun mutum a nan rauni ne, kuma tun daga shekarun 1980 ya bi matsalar ta fuska biyu. Ta farko ita ce raba suna da hanya. Tsarin 370-XA, wanda ya isa hannun masu saye a 1983, ya ba kowace na'ura lamba ɗaya da ba ta dogara da layin da aka bi ba, ya bar wa sashen shige da fice zaɓen hanyar da ta fi sauƙi a wannan lokaci. Ana bayyana tsarin ɗakin da layuka iri uku a manhajar IOCP: CHPID na layi, CNTLUNIT na na'urar sarrafawa, IODEVICE na na'urar kanta. A 1990 aka kawo HCD, wadda ta haɗa bayanin ƙarfe da na manhajar gudanarwa a fayil ɗaya mai suna IODF, tana duba saɓani tun kafin a ɗora, daga nan kuma aka samu damar canza tsari ba tare da kashe kwamfutar ba. Ta biyu ita ce koya wa na'ura ta faɗi sunanta. Samfurin 3380, wanda aka sanar a 1980 da gigabayit 2.52 a akwati, yana saka lambar shaidarsa a cikin amsar da yake bayarwa, lambar da injiniya yake saitawa ranar kafa shi. Daga baya na'urori suka iya ba da cikakken bayani in an tambaye su: wanda ya ƙera, samfuri, masana'anta, lambar siriyal. Na'urar sarrafawa ta 3990, abokiyar tafiyar faifan 3390 na 1989, ta ƙara wani mataki. Ita da kanta take nazarin kurakuranta, ta aiko da saƙon neman gyara da ake kira SIM, mai ɗauke da matakin tsanani daga cikin matakai huɗu da lambar da za ta kai injiniya ga sashen da zai sauya. Saƙon yana fitowa a allon ofareta da lamba IEA480E, yana kuma shiga LOGREC. A 1994, da Parallel Sysplex ya ba da damar haɗa kwamfutoci har 32 su yi aiki tare, hanya ta buɗe ta zuba ƙorafinsu duka a kundi guda maimakon kowace da nata.

Mai karatu zai iya cewa ke nan an gama da matsalar. An rage ta sosai, amma wuri ta sauya. A yau babu wanda yake ƙera 3390 na gaske. Bayan takardar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1988 kan haɗa ƙananan faifai masu araha su riƙa rufa wa juna asiri, kasuwa ta juya. EMC ya fito da Symmetrix a 1990, IBM ya biyo da RAMAC Array a 1994, sannan Shark a 1999 da DS8000 a 2004. Waɗannan akwatuna suna yi wa z/OS shigar 3390, da silinda mai zobe 15 da zobe mai bayit 56,664 kamar yadda ta saba, alhali a ciki ƙananan faifai ne ko ma ma'ajiyar filasha. Idan ɗaya ya mutu, akwatin yakan sake gina bayanan a kan wani da ke jiran ko-ta-kwana, ya kira kamfanin da ya ƙera shi ta layin sadarwa, uwar kwamfuta ba ta ga kuskuren karatu ko ɗaya ba.

Abin da LOGREC yake gani yanzu ya fi karkata ga hanya: wayar gilashi ta FICON da bakinta ya yi datti ko ta lanƙwashe, mashigar da ke yawan yankewa, umarnin da aka aika aka daɗe ba a ji amsa ba, da saƙonnin SIM. Kuma tambayar tana nan yadda take tun 1964: wannan ƙorafi na wane ƙarfe ne? Akwati ɗaya yana rabuwa zuwa na'urorin sarrafawa na suna kawai, kowace tana iya ɗaukar faifai 256, kowace da lambar shaidarta da ake kira SSID. Kowane faifai ana iya isa gare shi ta hanyoyi har takwas. Idan aka ba na'urori biyu SSID iri ɗaya, ko abin da aka rubuta a IODF ya saɓa da yadda aka jona wayoyi, to saƙon da ya zo zai nuna wurin da ba shi ba. Shi ya sa ma'aikatun da suka san ciwon kansu suke riƙe da ƙa'idar cewa faifai ɗaya lamba ɗaya a duk kwamfutocin da ke gidan, daga IODF guda, ko da hakan zai sa a bar wasu lambobi ba a amfani da su.

Gwajin da ya kamata ya biyo bayan kowane canji ba shi da tsada. Ana ɗaukar tarihin kwanakin da suka wuce a sake bi da shi ta EREP da sabbin katunan, a karanta saƙonnin da manhajar take fitarwa a gefe game da katunan da aka ba ta, waɗanda mutane da yawa ba sa buɗewa, sannan a duba ko akwai lambar siriyal ko adireshin da ya fito a rahoto alhali ba ya cikin zanen ɗakin. Daga nan sai a zaɓi faifai guda da aka san kwamfutoci da yawa suna taɓa shi, a tabbatar layi ɗaya ya samu a rahoton, kuma jimlar karatun da aka jingina masa ta yi daidai da abin da kowace kwamfuta ta rubuta in an haɗa. A takardar neman izinin canji, inda ake jera matakan aiki da hanyar komawa baya in abu ya ɓaci, wannan gwaji ya cancanci layinsa, da sunan wanda zai yi shi da ranar da zai yi.